Yadda rumbun Boost ke gina nau'in bayanai mai ƙunshe da kansa a harshen C++

Akwai wani irin bayani da manhajojin kwamfuta ke sarrafawa a kullum wanda siffarsa ke maimaita kanta. Jakar ajiya a kwamfuta tana ɗaukar fayiloli, tana kuma ɗaukar wasu jakunkunan, su ma da nasu jakunkunan a ciki. Haka tsarin JSON yake, wanda yawancin shafukan intanet da manhajojin waya ke musayar bayanai da shi: abin da ke ciki yana iya zama lamba, ko rubutu, ko jeri, kowane abu a cikin jerin kuma yana iya zama wani jerin. Masu rubuta manhaja suna kiran irin wannan nau'i mai ƙunshe da kansa. Fahimtarsa ba ta da wuya ga mutum, amma bayyana shi a harshen C++ yana da sarƙaƙiya.

Harshen, wanda Bjarne Stroustrup ya fara ginawa a cibiyar Bell Labs ta Amurka a 1979, aka raɗa masa sunan C++ a 1983, yana da ƙa'ida mai tsauri. Kafin a gudanar da manhaja, sai kwamfaila, wato shirin da ke juya rubutun mai manhaja zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, ta san girman kowane nau'i domin ta ware masa wuri a ma'adana. Cikakkiyar lamba ta nau'in int, alal misali, bayit 4 take ci a galibin kwamfutocin yau. To idan aka ce akwati yana ɗauke da lamba ɗaya da wani akwati irinsa, girmansa nawa ke nan? Bayit 4 da girman akwatin ciki, wanda shi ma bayit 4 ne da girman na cikinsa, haka har illa masha Allahu. Kwamfaila ba ta iya kammala wannan lissafi, don haka sai ta ƙi rubutun, ta ce nau'in bai cika ba.

Tsohon maganin shi ne manuni. Maimakon a saka akwatin a cikin ɗan'uwansa, sai a ajiye shi wani wuri a rubuta adireshinsa kawai, shi kuwa adireshi girmansa sananne ne, bayit 8 a na'urori masu bit 64. Sai dai wanda ya yi haka da hannunsa ya ɗauki nauyin warewa da sakin ma'adana, kuma a nan ne kura-kurai masu yawa ke samun ƙofa.

Boost tarin rumbunan kod ne na kyauta da wasu mambobin kwamitin daidaita C++ suka kafa a 1998. Ɗaya daga cikinsu, Boost.Variant, wanda Eric Friedman da Itay Maman suka rubuta, ya shigo a fitowa ta 1.31 a 2004. Aikinsa samar da mazubi guda da ke riƙe da abu ɗaya daga cikin nau'o'in da aka lissafa masa, yana kuma tune da wanne ke ciki a kowane lokaci. Wahalar tana zuwa ne idan ana son ɗaya daga cikin nau'o'in ya zama jerin mazubin kansa, domin a daidai wurin da ake rubuta bayaninsa mazubin bai sami suna ba tukuna.

Dabarar da marubutan suka fito da ita ita ce ɗan riƙon wuri. Akwai wani nau'i maras komai a ciki mai suna recursive_variant_, wanda ma'anarsa kawai "abin da ake ginawa yanzu". Mai manhaja zai rubuta make_recursive_variant<int, std::vector<recursive_variant_>>::type, wato mazubin da ke riƙe ko dai lamba ko jerin irinsa. Daga nan rumbun zai bi nau'o'in ɗaya bayan ɗaya. Inda ya tarar da ɗan riƙon, ya musanya shi da ainihin mazubin. Inda ya tarar da nau'in da aka ƙera daga samfuri, kamar vector, sai ya kwance shi, ya leƙa cikin kowane ɓangare, ya yi musayar, ya sake ɗaure shi. Leƙen ya zama dole, domin vector yana da ɓangare na biyu da ba a cika rubutawa ba, mai kula da ware ma'adana, shi ma ɗan riƙon yana ɓoye a cikinsa. Bayan musayar, rumbun yana naɗe sabon nau'in cikin recursive_wrapper, ƙunshin da ke ajiye abu a waje ya riƙe adireshinsa, ya kuma sake shi da kansa idan an gama. Tsohon manunin ne dai, amma an ɗauke wa mutum dawainiyarsa.

Duk wannan aiki yana faruwa ne a lokacin da kwamfaila ke fassara, kafin manhajar ta fara gudana. An san samfuran C++ suna iya irin wannan lissafi tun 1994, lokacin da Erwin Unruh ya nuna wa kwamitin harshen wani shiri da ke fitar da lambobin da ba sa rabuwa a cikin saƙonnin kuskuren kwamfaila, ba tare da an gudanar da shi ba.

Musayar tana da iyaka, kuma iyakar ba ta sanar da kanta. Rumbun yana iya kwance samfurin da dukan ɓangarorinsa nau'o'i ne. Samfurin std::array kuwa yana ɗaukar nau'i da kuma lambar da ke faɗin tsawonsa, saboda haka bai dace da awon ba, sai a wuce shi ɗan riƙon yana nan daram. Haka ma idan aka saka ɗan riƙon a cikin wani tsari da mai manhaja ya ƙirƙira da kansa: musayar ba ta ganin abin da ke cikin tsarin. Sakamakon yakan zama saƙon kuskure mai tsawon gaske da ke nuni ga cikin fayilolin Boost, nesa da layin da aka yi kuskuren. Wannan ce, a gaskiya, babbar illar dabarar ga wanda ke koyo.

Akwai kuma tsada. Boost.Variant ya yi alkawarin cewa mazubinsa ba zai taɓa zama fanko ba. Domin cika alkawarin, ko da an ce a ɗauke abin da ke cikin recursive_wrapper a mayar da shi wani wuri, sai ƙunshin ya ware sabuwar ma'adana maimakon ya miƙa adireshin da ke hannunsa. Masu gina bishiyoyin nahawu da Boost.Spirit sun daɗe da sanin wannan nauyi.

Da std::variant ya shiga ƙa'idar harshen a C++17, bai zo da ɗan riƙo ko ƙunshin ba. Amma ƙa'idar ta ba vector da list da forward_list damar karɓar nau'in da bai cika ba tukuna, abin da ya sa ana iya bayyana tsari mai ɗauke da jerin kansa kai tsaye. Sauran harsuna sun bi nasu hanyoyin. Rust tana ƙin irin wannan nau'i da kuskure mai lamba E0072, tana kuma ba da shawarar a yi amfani da Box. A Swift, kalmar indirect ce ke gaya wa kwamfaila ta saka manunin da kanta.

Abin da babu ɗayan waɗannan hanyoyi da ya warware shi ne zurfi. Kwamfaila tana tabbatar da siffar bayanin, amma ba ta san hawa nawa saƙon da zai iso gobe zai kasance da shi ba. Shirin da ke karanta bishiya, ko kwafe ta, ko rushe ta, yakan kira kansa sau ɗaya a kowane hawa, kowane kira kuma yana cin wuri a rumbun kiraye-kiraye, wanda galibi megabayit 8 ne a Linux, megabayit 1 a Windows. Mai mugun nufi zai iya aiko da saƙon JSON wanda ba komai a cikinsa sai jeri cikin jeri sau dubban ɗaruruwa, wurin ya cika, manhajar ta faɗi. Shi ya sa RFC 8259, takardar 2017 da ke bayyana JSON, ta ba masu karanta saƙo izinin iyakance zurfi. Rumbun Boost.JSON, wanda ya fito a 2020, yana tsayawa a hawa 32 sai idan mai manhaja ya ɗaga adadin da kansa.