Yadda hatsi ke girka abincinsa da hasken rana

Jama'ar Kance da 'yan uwa na nesa, da yawa cikinmu mun ɗauka ƙasa ce ke ciyar da shuka. E, saiwa na jawo ruwa da amfanin taki, amma girkin kansa a ganye ake yin shi.

Kowane ganye na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ke shiga. Koren da ke cikin ganyen, wato kulorofil, sai ya kama hasken rana, da ƙarfinsa a haɗa wannan iska da ruwa su zama sukari, a sako iskar oksijin da muke shaƙa. Sukarin nan ne ke bi ta cikin kara ya je ya cika zangarniya. 'Yan lakwal na ce wa aikin fotosantez. Tun 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa in babu haske ba ya yiwuwa.

Shi ya sa zage ganyen dawa ko hatsi kafin ƙwaya ta ƙosa asara ce, balle ganyen sama. Mun san bisashe na jin yunwa, amma daga rumbu ake ragewa.

Dubi kuma gawon da ya cika gonakinmu har Matamaye. Da damina ta sauka sai ya zubar da ganye, rana ta isa ga hatsin ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki. Shi nasa girkin sai da rani, da ruwan da doguwar saiwarsa ke jawowa daga can ƙasa.