Lu'u-lu'un Free Fire da kuɗin wasannin waya: me ake saya, kuma ina caca ta shigo?

Iyaye da yawa a zangon Sokode da na Dapaong suna jin yaransu suna maganar “diyaman” ba tare da sanin ko mene ne ba. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta lu'u-lu'u, kuma ita ce kuɗin cikin wasan Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017. A PUBG Mobile ana ce wa irin wannan kuɗi UC. Sauke wasan kyauta ne. Ribar kamfanin tana fitowa ne daga ƙananan sayayya da ɗan wasa yake yi a ciki, yau kaɗan gobe kaɗan. A nan Togo akasari ta Flooz ko T-Money, wanda ya koma Mixx by Yas, ake tura wa dillali sefa, shi kuma ya zuba lu'u-lu'un a lambar ɗan wasan.

Wani abin da ake saya ado ne kawai, kamar riga ko hula. Wani kuwa yana ƙara ƙarfi. A Free Fire akwai fentin bindiga da ke ƙara mata ɓarna ko saurin harbi, akwai kuma jarumai masu baiwa ta musamman, irin Chrono da aka zana da siffar Cristiano Ronaldo a 2020. Wannan shi ne “biya ka yi nasara”: yaro mai ƙwarewa ya sha kashi a hannun mai kuɗi, sai ya ji dole shi ma ya saya. Da gangan aka gina wasan a haka.

Inda muka fi damuwa shi ne akwatin sa'a. Ɗan wasa yana biya, a juya masa, bai san abin da zai fito ba. Yana iya samun abin da yake nema a juyi na farko, yana iya juyawa sau hamsin ya tashi da tarkace. Sharaɗin ciniki a fiƙihu shi ne mai saye ya san abin da yake saya, in babu wannan an shiga garari. Idan kuma aka zuba kuɗi ana jiran sa'a, to kamanninsa da caca, wadda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta, ba ɓoyayye ba ne. Uban da ba zai bar ɗansa ya tsaya a rumfar LONATO ba, ga irin ta a cikin ɗakinsa. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ma ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a na kuɗi caca ne. Amma sayen abin da aka sani a farashi sananne, maganarsa ta almubazzaranci ce, da kuma izinin mai kuɗin.

Batun izinin nan ya kai gaban hukuma a Amurka. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 don mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi ba da sonsu ba, har da iyayen da yaransu suka yi sayayya ba su sani ba. A wurinmu, kuɗin da aka tura wa dillali da wuya ya dawo, kuma lambar sirrin Flooz ta uwa, wadda take faɗa wa yaro don ya saya mata katin waya, ita ce dai ake sayen lu'u-lu'un da ita.