Snuggle: Kalmar Turanci ta neman ɗumi da yadda Hausa ke faɗinta

Snuggle kalma ce ta Turanci, ana furta ta kusan kamar “sinagul”. Ma'anarta ita ce mutum ko dabba ya matsa jikin wani, ko ya shige cikin abu mai laushi, don ya sami ɗumi da natsuwa. Aikatau ce, ko da yake takan zo a matsayin suna. Masu karatu a wayoyi na yawan cin karo da ita a rubuce-rubucen renon yara da tallan barguna, kuma sau da yawa akan fassara ta da “runguma”, wanda ba daidai ba ne.

Tushenta kalmar snug ce. A ƙarshen ƙarni na 16 matuƙan jiragen ruwa na Ingila kan faɗe ta ga jirgin da aka ɗaɗɗaure kayansa tam domin tarar hadari. Daga baya ma'anar ta koma kan ɗan ƙaramin ɗaki mai ɗumi da tufar da ta kama jiki daidai. Wajen shekarun 1680 aka fara ganin snuggle a rubuce, bayan an liƙa mata ɗafa-ƙeyar da ke nuna maimaita ɗan motsi, kamar yadda Hausa ke ninka gaɓa ta mai da “juya” ta zama “jujjuya”. Ke nan akwai motsi a cikin kalmar, irin mutsu-mutsun da yaro ke yi kafin ya sami gurbin da ya yi masa daɗi. Idan aka ce snuggle up, ana nufin matsawa jikin wani. Snuggle down kuwa nutsewa ce cikin shimfiɗa.

Tana da 'yan'uwa da ake rikita ta da su. Hug ita ce rungumar gaisuwa ko ta murna, ta ɗan lokaci. Cuddle tana buƙatar hannu ya kewaye jiki. Huddle kuwa cunkusuwa ce saboda sanyi ko tsoro, babu jin daɗi a cikinta.

Wanda ya taɓa kwana a Augie cikin hunturu ba ya buƙatar ƙamus kafin ya rarrabe su. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hamada ke saukowa kan fadamar kogin Rima, masunta da manoman shinkafar rani da suka yi sammako kan kewaye wutar kara, kowa ya cusa hannu a hammata. Waɗannan sun takure, suna jin ɗari. Wannan ita ce huddle. A cikin gida kuwa, yara uku sun ƙudundune cikin bargo ɗaya, 'yan tsaki sun shige ƙarƙashin fikafikan uwarsu, jinjiri ya gama shan nono ya yi luf a ƙirji. Nan ne snuggle take.

Saboda haka kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce “lafewa”, musamman in aka haɗa ta da “luf”. “Ƙudundunewa” ta dace da bargo, amma ba ta nuna akwai wani a kusa. “Maƙalewa” da “ƙanƙamewa” sun yi ƙarfi, don suna ɗauke da ƙin saki, wani lokaci har da firgita. “Takurewa” kuwa kishiyarta ce ta fuskar jin daɗi.

Wurin da wannan bambanci ya wuce gardamar masu fassara shi ne saƙonnin kula da jarirai. A ƙasar Hausa, inda alkunya ke hana uwa nuna wa ɗan fari so a gaban surukai, in aka ce mata “ki riƙa rungumar jaririnki”, tana iya ɗaukar zancen a matsayin shagwaɓa irin ta Turawa, ta yi murmushi ta wuce. Alhali ga bakwaini, ko jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, abin da ake nufi magani ne. Irin wannan jariri ba shi da kitsen da zai riƙe masa zafin jiki, kuma sanyin asuba kaɗai na iya galabaitar da shi.

Likitoci suna kiran hanyar da renon kangaru, da sunan dabbar nan ta Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a jakar cikinta. Dokta Edgar Rey ne ya fara ta a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, sakamakon ƙarancin kwalaben renon bakwaini. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka gudanar a asibitocin ƙasashe biyar, ciki har da asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ya nuna cewa fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin 100. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta da zarar an haihu, a kuma yi ta awa 8 zuwa 24 a kullum.

Ba goyo ba ne, duk da sun yi kama. Goyo a baya ake yi, da riga tsakani. Wannan kuwa a ƙirji ake ɗora jaririn a miƙe, daga shi sai nafkin da hula, fatarsa na taɓa ta uwar, a juya fuskarsa gefe don ya yi numfashi sosai, sannan a ɗaure da zane. In uwa ta tafi wankan jego, uba ko kaka na iya karɓa.

Don haka mai fassara irin wannan saƙo ga gidan rediyo a Birnin Kebbi, ko ma'aikaciyar lafiya da ke yi wa mai jego bayani a Argungu, gara su bar neman kalma ɗaya tilo. Jimlar da ke isar da saƙon ita ce: a ɗora shi a ƙirji, fata da fata, a rufa masa zane, a bar shi ya lafe.