Daga Mabuga Zuwa Lesa: Tarihin Sarrafa Haske



Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda ɗan Adam ya koyi juya haske ta hanyar gyara fuskar abin da hasken ke faɗa wa. Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan haske ya faɗa kan abu mai santsi, sai ya koma ta hanya guda, ya yi ƙyalli kamar madubi. Idan kuwa abin yana da kaushi, sai ya warwatsu ko'ina, ya yi laushi ga ido. Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya yi bayanin yadda haske ke dawowa daga madubi a littafinsa Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta a Misira.

Mutanen ƙasar Kano sun san rabin wannan ilmi da hannuwansu. A karkarar da ta kewaye birni, inda gona ke manne da gona, manomi ba ya zama da rani: wani masaƙi ne, kamar yadda aka san mutanen Minjibir, wani marini. In tufa ta fito daga karofi, sai a kai ta mabuga, a barbaɗa mata shuni, a ɗora bisa gungumen icce a yi ta bugu, har zaren ya kwanta, ramukan saƙa su cike. Watau mabugi yana kashe kaushi ne domin ya haifi ƙyalli. Da haka aka sami turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda Buzaye ke ji da su. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Ɗaya rabin, watau sa kaushi da gangan, bukatarsa ba ta taso mana ba a da. Aci-balbal mai lagwani da man gyaɗa ba ta kashe ido, haka ma fitilar ƙwai da ta bazu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Inda lantarki ya fara kafuwa, can matsalar ta fara. Ƙwan lantarki garau yana da zafi ga ido, sai aka riƙa dusashe gilashinsa da asid, amma yin haka yana sa shi saurin fashewa. A 1925 Marvin Pipkin, na kamfanin General Electric a Amurka, ya gano hanyar dusashe ƙwan daga ciki ba tare da ya raunana ba. Duk da haka, asid ba ya jin umarni: inda ya ga dama nan yake ci.

Lesa ce ta sauya wannan. Theodore Maiman ya ƙera ta farko a 1960. A 1985 Donna Strickland da Gerard Mourou suka fito da dabarar ƙarfafa walƙiyarta mai gajeren zango ainun, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2018. Irin wannan walƙiya takan fizge ɗan ƙwarya-ƙwaryar gilashi ko ƙarfe ta wuce kafin zafi ya narkar da gefensa. Da ita ake haƙa dubban ramuka, waɗanda sau da yawa ba su kai kaurin silin gashi ba, kowane rami yana karkatar da haske kamar ƙaramin tabarau. Zurfinsu da faɗinsu su ke yanke iyakar bazuwar hasken. Kuma akan jera su ba bisa layi ba, don kada wasu zane-zane su bayyana a cikinsa. Galibi ma abin zubi ake sassaƙawa da lesar, sa'an nan a riƙa buga roba a kansa, a sami murafai masu yawa da araha.

To, ina ruwan mutumin Bichi ko Ɗambatta da wannan? Ruwansa ne ƙwarai. Yau fitilar caji da ta hasken rana, masu ƙananan ƙwayayen LED, sun maye gurbin kananzir a gidaje da yawa. Hasken ƙwayar LED daga ɗigo guda yake fita, mai kaifi. In babu murfi nagari, ɗalibin da ke karatun dare zai sami tsakiyar takarda na ɗaukar ido, gefe kuwa duhu. In murfin farar roba ce mai kauri, sai ta shanye wani kashi na hasken da batir ya sha wahalar tarawa.

Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa sayen fitilun makaranta ko asibitin karkara, kada ya tsaya kan tambayar ƙarfin fitila kaɗai; ya duba yadda take baza haskenta. Ku kuma ɗalibai, ku tuna kakanninmu sun sarrafa haske da icce da shuni, har suka sayar wa ƙasashe masu nisa. Yanzu mu ne masu saye. Kayan aikin ya sauya, amma sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, kuma ɗakunan gwaji na jami'o'inmu su ne ya kamata su zama mabugar wannan zamani.