Mari, Zaure Da Asibiti: Tarihin Ciwon Damuwa A Tsakaninmu

Duk wanda ya taso a nan Kwadon ya san yadda muke gaisawa. "Ina gajiya?" "Ba gajiya." Ko mutum ya kwana uku yana ban-ruwa, ko kwandunan tumatirinsa sun ruɓe a bakin titi don ba mai saye, amsar ke nan. Tarbiyya ce mai kyau, ba mu ce a bari ba. Sai dai ta sa idan muka waiwayi tarihinmu, ba ma ganin mai damuwa a ciki. Mahaukaci kawai muke gani.

Akasarin iyayenmu da kakanninmu baƙi ne a wannan ƙasa ta Terawa. Daga ƙasar Kano da Katsina da Daura da Haɗeja suka zo, wasu a zamanin da auduga ke tashe a Gombe, wajen shekarun 1950, wasu bayan jirgin ƙasa ya iso a 1963, wasu kuma sai da aka gina dam ɗin Dadin Kowa noman rani ya kankama. Mutumin da ya baro uwa da uba da kushewar kakanninsa, ya zo inda ba a jin harshensa sosai, dole zuciyarsa ta yi nauyi. Amma ba shi kaɗai yake ɗauka ba. Akwai mai masauki da zai ba shi ɗaki a zaure, ya nema masa aron gona, in ta kama har ya tsaya masa a neman aure. Akwai gayya in aiki ya fi ƙarfinsa, akwai adashi in bashi ya taso. Da daddare kuma kwano ɗaya ake sa hannu a ƙofar gida, don haka in mutum ya kwana biyu bai fito ba, ko ya fito yana juya loma ba ya ci, nan da nan an lura.

Mata ma da nasu tsarin. Mai cikin fari gida take tafiya goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi arba'in ana yi mata wankan jego, ana dama mata kunun kanwa, ba ta ɗaga ko tsinke. Wadda mijinta ya rasu ba a barinta ita kaɗai cikin takaba. Su dai ba su kira wannan magani ba, zumunci suka ce, amma aikin magani ya yi.

Inda abin ya fi ƙarfin zaure shi ne in mutum ya fara sambatu, ko duka, ko tuɓe tufafi. Nan sai a ce iska ce, ko sammu. Wasu su kai shi wajen 'yan bori a yi girka, wasu wajen malam a yi ta ba shi rubutu yana sha, daga baya kuma ruƙiyya ta yi ƙarfi. In duk an yi bai lafa ba, sai mari. Mu faɗi gaskiya, yawancin waɗanda suka sa wa ɗansu mari ba don ƙiyayya suka yi ba, tsoro ne kada ya faɗa rijiya ko ya raunata wani. Amma ƙarfe ƙarfe ne, kuma akwai wanda ya shekara da shekaru a ciki har ƙafa ta shanye.

Turawa da suka zo ba su kawo abin da ya fi wannan ba. A 1916 suka kafa dokar mahaukata, aka yi mata kwaskwarima a 1958. Abin da ya dame ta shi ne yadda za a tsare mutum, ba yadda zai warke ba, shi ya sa da yawa a gidan yari suka ƙare. Wannan doka ita ta ci gaba da aiki har bayan mulkin kai da fiye da shekara sittin.

Wani abu da ya faru a Abeokuta ya cancanci mu tsaya a kansa. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya karanci likitancin ƙwaƙwalwa a Ingila, ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki a gidajensu. Da safe su je asibiti a duba su, da yamma su koma cikin mutane. Sharaɗinsa shi ne kowane mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa da zai zauna da shi, kuma bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki da su. Duniya ta yaba, har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. To mu da muka san mai masauki da zaure, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya ƙara a kai shi ne likita da magani.

Mu kuwa sai muka yi ta sakin namu. Zauruka sun koma shaguna, gayya ta koma ƙwadago, kowa ya ja ƙyauren gidansa ya ci tuwonsa a ciki. Kuma a daidai lokacin ne nauyin ya ƙaru. Rikicin Boko Haram ya koro mutanen Borno da Yobe zuwa Gombe, kowa da abin da idonsa ya gani. Bam ya tashi a tashar Gombe Line a Oktoban 2014, a tashar Dukku a Disamba, sannan a babbar kasuwa jajibirin ƙaramar Sallah ta 2015. Ranar Asabar 14 ga Fabrairun 2015 mahara suka afka wa Dadin Kowa, suka wuce cikin Gombe. An binne waɗanda suka rasu, an yi jinyar masu rauni. Wanda ya tsira ba ƙwarzane amma barci ya ƙaurace masa, ko ƙarar fashewar taya ta sa jikinsa rawa, shi sai aka ce ya gode wa Allah ya yi haƙuri.

Samari kuma suka samo nasu maganin gajiyar a kemis. Taramol don a yi aikin mutum uku a gona, kodin don a manta. Sai a 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Iyayen da suka rasa yadda za su yi suka koma ga abin da suka sani, wato gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani irinsa a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Galibinsu danginsu ne suka kai su, har suna biya.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince cewa mara lafiya yana da haƙƙin a yi masa magani ba tare da wulaƙanci ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen masu wannan lalura. A can suna duba har wanda bai taɓa yin sambatu ba: manomin da bashi ya hana shi barci wata da watanni, mai jegon da ke kuka ba ta san dalili ba, malamin makarantar da komai ya fita ransa. Ciwon damuwa suke kiransa, kuma ana samun sauƙi da magani da tattaunawa. Daga Kwadon zuwa can bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, amma har yau wanda muka fi kaiwa shi ne wanda ya riga ya fara jifa.