Daga Kurra Zuwa Gurara: Tarihin Wayar Wuta Da Takardar Izini A Ƙasar Jama'a

Da wuya a yi taron ƙungiyarmu a tashi ba a taɓo zancen wuta ba. Mai injin markaɗe ya koka da tsadar man dizal, mai walda ya ce yini guda ya yi yana gadin shago, masu ƙanƙara da zoɓo su ce jarinsu ya narke. Daga nan sai wani ya yanke hukunci, ya ce ai ƙasar ce ba ta da wuta. To jama'a, mun bi diddigin al'amarin nan gwargwadon hali, kuma abin da muka gano shi ne, a wannan yanki namu ba tushen wuta aka rasa ba. Ruwa akwai, rana akwai, injina ma an sha kafawa. Abin da ya daɗe yana tsaya mana a wuya shi ne wayar da za ta ɗauko wutar, da kuma takardun izinin da sai an tara su kafin a ja wayar. Kowane ɗan kasuwa a Fadan Kagoma ya san wannan karatu: citta buhu dubu a rumbu, in babu hanyar da mota za ta shiga ta kwaso ta, ga ƙoshi ne ga kwanan yunwa.

A Ikko aka fara kunna lantarki a Nijeriya, a 1896, amma mu nan daga kan tsaunukan Filato labarin ya soma. Turawan kuza ne suka ga ruwa yana faɗowa daga kan dutse a banza, alhali injinan haƙarsu na neman ƙarfi. A 1923 suka kafa injin megawat 2 a Kwall. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya tare ruwa a Kurra ya sa injina na megawat 8, daga baya ya ƙara wasu a Jekko da Ankwil. Ashe ke nan wutar nan da ake ta yayatawa yau a rediyo, wai makamashi mai sabunta kansa wanda ba ya hayaƙi, ita ce ma ta fari da aka sani a wannan sashe. A daidai wannan zamani ne Kafanchan ta zama mararrabar jirgin ƙasa a 1927, fadar Sarkin Jama'a ta komo can a 1933, kakanninmu da yawa kuma, Allah ya jiƙansu, suka biyo dogo da fatauci har suka watsu cikin garuruwan kewaye.

Me ya sa aikin Turawan kuza ya yi sauri? Domin dam ɗin nasu ne, wayar tasu ce, mai sayen wutar ma ɗan'uwansu ne, izinin kuwa daga gwamnati guda ake karɓarsa. Kada mai karatu ya ɗauka yabonsu muke yi. Ba a cika tambayar mai gona ba kafin a kafa masa turke, kuma wutar ta ramin kuza ce, ba ta ɗakin talaka ba. Sai dai wannan kamfani ya yi tsawon rai. Bai narke cikin hukumomin gwamnati da aka yi ta kafawa ba, da kasuwar kuza ta faɗi kuma sai ya juya ga garuruwa, har wayarsa ta sauko Kafanchan. Mutanen can sun daɗe suna bambanta wutar NESCO da ta gwamnati kamar yadda ake bambanta atamfa da atamfa.

Ta ɓangaren gwamnati kuwa, an kafa ECN ta fara aiki a 1951, aka kafa hukumar madatsun Neja a 1962, aka gama Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe biyun suka zama NEPA. Jebba ta biyo a 1985, Shiroro a 1990 da megawat 600. Mu da muka yi karatun allo da na Islamiyya a gaban aci-balbal da fitilar ƙwai, wannan suna na NEPA shi muka taso muna ji. Kudancin Kaduna a wutsiyar layi yake. Ƙananan wayoyi masu kilobolt 33 ke yin doguwar tafiya kafin su iso, wuta kuwa kamar ruwan famfo take, in bututu ya yi siriri kuma ya yi tsawo, na ƙarshe ɗigo yake samu. Shi ya sa za ka ga ƙwan fitila ya yi ja kamar gaushi, injin niƙa ya yi gurnani ya ƙi tashi. Sai bayan dawowar mulkin farar hula aka ja babban layi mai kilobolt 132 daga Jos zuwa Kafanchan, aka gina tashar da ke rage ƙarfinsa a raba wa garuruwa.

A 2005 aka yi dokar da ta rushe NEPA, ta haifar da hukumar sa ido ta NERC. A 2013 aka sayar da kamfanonin samar da wuta da na rarraba ta, gwamnatin tarayya ta riƙe na tsakiya, wato TCN, mai manyan turakun ƙarfen nan da ke ratsa daji. Daga nan hannuwa suka yi yawa a cikin akushi. Bari mu bi sawun layi guda mu gani. Da fari sai TCN ta yi nazari ta tabbatar layin zai zauna lafiya da sauran. Sai NERC ta yarda da kuɗin da za a kashe, domin a ƙarshe cikin kuɗin wutarmu za a cire shi. Sai ma'aikatar muhalli ta duba ɓarnar da aikin zai yi wa daji da gonaki da ruwa, bisa doka mai lamba 86 ta 1992. Ƙasar da layin zai bi kuma, tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, a hannun gwamnan jiha take, shi zai karɓe ta da sunan amfanin jama'a, a ƙiyasta diyya. Kwangilar sai ta ratsa ofishin tantance kwangiloli na dokar 2007, in ta yi girma ta je majalisar zartarwa. In kuɗin rance ne daga waje, ga ma'aikatar kuɗi, ga majalisar dokoki, ga sharuɗɗan masu ba da rancen. Kowace takarda daga cikin waɗannan tana da dalilinta, ba mu ce a jefar da ko ɗaya ba. Abin da muke gani aibu shi ne jerin gwanon da suke yi, wannan na jiran wancan, kafin ta ƙarshe ta fito Naira ta faɗi, ɗan kwangila ya ce farashi ya tashi, a koma gidan jiya.

Wanda ke son ganin haka da idonsa ya je Gurara. Wannan dam yana nan kudancin jiharmu, wajen ƙasar Kachiya da Kagarko. Kamfanin Salini na Italiya ya gina shi, yana riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 880, babban nufin kuwa shi ne shayar da Abuja. Aka binne ƙaton bututu na kilomita 75 zuwa dam ɗin Usuma, ruwa ya tafi. A gindin dam ɗin aka kafa injina uku, kowanne megawat 10, jimla 30. Injina suka kammala, suka zauna shekara da shekaru ba su haska ɗakin kowa ba, saboda layin da zai kwashe wutar zuwa tashar Kudenda a Kaduna, tafiyar sama da kilomita 100, bai ƙarasa ba. Dam ɗin na ma'aikatar ruwa ne, layin na ɓangaren wuta, kowa da kasafinsa da minista nasa. Sai a 2020, zamanin Injiniya Suleiman Adamu yana ministan ruwa, aka sa hannu aka ba kamfanin North South Power, mai tafiyar da Shiroro, hayar tashar na shekara 25. Duba fa, ruwan ƙasarmu ya sami hanyar zuwa Abuja tun tuni, wutar da ke cikin ruwan ce ta rasa hanyar fita. Megawat 30 ba abin rainawa ba ne ga yankin da sana'arsa niƙa ce da walda da sarrafa citta.

Sai kuma zancen rana. A watan Yuli na 2016, Babatunde Fashola na ministan wuta, kamfanin gwamnati mai sarin wuta, NBET, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su shimfiɗa farantan sola na megawat 1,125, galibinsu a Arewa. Biyu daga ciki a ƙofar gidanmu suke: na Anjeed mai megawat 100 a Kafanchan, da na Quaint Abiba mai megawat 50 a Manchok. An yi murna ƙwarai. Farashin da aka shirya santi 11.5 na dalar Amurka ne kan kowane yunit. Kafin a gama sauran takardu, farashin sola ya karye a kasuwar duniya, gwamnati ta ce ita kam santi 7.5 za ta biya. Takardar lamunin da bankuna ke jira daga ma'aikatar kuɗi ta maƙale. Mu 'yan kasuwa mun san wannan ciniki: an yi sallama, an tafa, mai saye ya zaga kasuwa ya dawo ya ce a sake tayi. Shi ma yana da hujjarsa, amma kaya ba su tashi ba. Har 2024, shekara 8 cur, babu ko ɗaya cikin 14 ɗin da ya fara ba da wuta. Wadda aka samu ta tsaya da ƙafarta ita ce ƙaramar tashar megawat 10 ta Challawa a Kano, da aka buɗe a Janairun 2023.

Ko da an gina su ma, da sauran rina a kaba. Wutar rana kamar kakar citta take, a lokaci guda take zubowa. Da tsakar rana ta yi ambaliya, hadari ya taso ta ragu nan take, magariba ta yi ta ɗauke. Tsohuwar waya in aka ɗora mata fiye da ƙarfinta zafi take yi ta saki jiki, na'ura ta yanke ta, wani lokaci yankewar ta ja sauran layukan ƙasa su faɗi gaba ɗaya. Injinan da aka kafa a Nijeriya sun kai na megawat 13,000, amma ranar da aka yi shelar an kafa tarihi, cikin Maris na 2025, abin da layin ƙasa ya ɗauka megawat 5,801 ne. Gyaran iri biyu ne. Ko a bar turakun a sauya musu waya mai kauri, ko a rushe layi mai hanya ɗaya a mai da shi mai hanya biyu. Don haka ne hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai suka sa kuɗi a aikin layukan Arewa, daga Kainji zuwa Birnin Kebbi da Sakkwato, da kuma daga Katsina ta Daura da Gwiwa zuwa Jogana da Kura, musamman domin kwasar wutar rana. Bankin raya Afirka shi ma a 2019 ya amince da rancen dala miliyan 210, wanda sabunta layin Kaduna zuwa Kano na cikinsa.

A nan fa ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Ƙa'ida ita ce layin kilobolt 132 a bar masa fili mai faɗin mita 30, na 330 kuwa mita 50, ba gini ba doguwar bishiya. Doka kuma ba ta biyan diyyar ƙasa tsurarta, sai abin da ke kanta na gini da shuka da itatuwa. To da zarar an ga masu awo da tutocinsu, sai ka ga harsashin gini ya tsiro cikin dare a inda ko akuya ba a ɗaurewa. A gefe guda kuma ga manomi na gaskiya, wanda aka sare masa ɗorawa da mangwaron gado, yana ta zirga-zirga kan hakkinsa. Na farkon ya ɓata wa na biyun suna, aiki ya tsaya a kotu, kowa ya kwana cikin duhu. Mu da maƙwabtanmu mutanen Gwong, da masu unguwanninmu, wannan ɓangaren kam a hannunmu yake.

Abin da ya faru a 2024 ya isa shaida. 'Yan ta'adda suka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana a shiga gyara da wuri. Arewa ta koma dogaro da layin da ke tasowa daga Ugwuaji ta jihar Inugu, ya bi ta Apir kusa da Makurdi ya hau Jos. Ranar 21 ga Oktoba shi ma ya yanke. Galibin jihohin Arewa suka yi kwana tara zuwa goma babu wuta, alhali Shiroro na nan da ruwanta, ga sabuwar Zungeru mai megawat 700 duk a jihar Neja. Masu firji sun zubar da kaya, masu casar shinkafa sun rufe, cajin waya ma ya zama sana'ar da ake bin layi.

A 2023 an buɗe wata ƙofa. A watan Maris Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da jan layi da rarrabawa a cikin iyakarsu, a watan Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki. Jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo suka karɓi ragamar sa ido a 2024, maƙwabtanmu Neja da Filato suka bi sahu. A 2016 kuma an fito da ƙa'idar ƙananan tashoshi, wadda a lokacin ta ce: wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take bukata, har zuwa megawat 1 kuwa takardar izini guda daga hukumar sa ido. Kasuwar Sabon Gari ta Kano tun 2018 aka fara haɗa shagunanta da sola ba tare da jiran babban layi ba, kuma wannan abu ne da kwamitinmu na kasuwa zai iya zama ya yi lissafinsa, shago nawa, injin nawa, nawa muke ƙonawa a mai duk wata. Sai dai a sani, duk layin da ya tsallaka iyakar jiha yana nan a hannun NERC da TCN. Layin Jos zuwa Kafanchan daga Filato ya taso ya shigo Kaduna, saboda haka ranar da za a ƙara masa ƙarfi don ya ɗauki wutar rana daga Manchok ko Kafanchan, daga Abuja takardar za ta fito.