Tarihin Ƙwallon Lambu Da Shawarwarin Masu Yinsa

Akwai wani wasa na Turawa wanda su ke kira golf, mu kuwa muna ce da shi ƙwallon lambu. Yawancinku 'yan makaranta kun san tamaula, kun san langa, waɗansunku ma sun ga ƙwallon dawaki, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka ga yadda a ke wannan. To, ga yadda ya ke a taƙaice. Akan sami fili mai faɗi ƙwarai, a haƙa ramuka 18 a cikinsa nesa da juna, kowane rami faɗin bakinsa inci 4 da kwata. Mutum ya ɗauki sanda mai lanƙwasasshen kai, ya yi ta bugun 'yar ƙwallo mai tauri kamar ƙwan zabuwa girma, har ta faɗa rami na fari, sa'an nan ya nufi na biyu. Wanda ya gama ramukan nan duka da bugu mafi ƙaranci, shi ya ci.

Masu wannan wasa iri biyu ne. Akwai waɗanda suka mai da shi sana'a, da shi su ke ci su ke sha. Akwai kuma waɗanda su ke yi don sha'awa kawai in sun taso daga aiki, su ne kuwa suka fi yawa nesa ba kusa ba. In waɗannan suka zauna a inuwa bayan wasa, hirarsu ba ta wuce abu uku, watau fili, da kayan wasa, da yadda a ke bugu. Mai wucewa sai ya zaci surutu ne na waɗanda ba su da abin yi. Amma in mun bi tarihi za mu ga a irin wannan hira aka gina wasan, kowa na ba ɗan'uwansa abin da ya gano. Bari mu ɗauki ukun nan ɗaya ɗaya.

Mu fara da fili. Asalin wasan daga ƙasar Sikotland ne, arewa da Ingila. A can bakin teku akwai wata irin ƙasa mai rairayi da tuddai, ba ta noma, sai gajeriyar ciyawa wadda tumaki da zomaye ke ci. Mutanenmu na Ɓaɓura da Kanya Babba ba su bukatar a kwatanta musu tudun rairayi, don shi ne abin da mu ke kira jigawa, har ya zama sunan jiharmu tun 1991. To, a kan jigayin Sikotland aka fara ƙwallon lambu, a ƙasar da ba mai ƙyashin a taka ta. Tumaki ne masu aske ciyawa, iska ce mai haƙa kwazazzabai. Har yau in za a gina sabon fili sai a yi masa ramukan rairayi da gangan, don a kwaikwayi wancan wuri.

Wasan ya shiga ran mutanen ƙasar har ya dami sarakuna. A shekara ta 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi tare da tamaula, don samari sun bar koyon harbi da baka, ga shi kuwa ana zaman gaba da Ingila. An sake hanawa a 1471 da 1491, abin da ke nuna ba a ji ba ke nan. Da aka yi sulhu da Ingila a 1502, sai ga Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sandunan wasan a wurin wani mai sassaƙa bakuna a garin Perth.

A lokacin nan kowane gari da yawan ramukansa. Filin Leith biyar gare shi, kuma a can ne a 1744 waɗansu masu sha'awar wasan suka zauna suka rubuta dokoki 13, su ne mafi tsufa da a ke da su a rubuce. Wanda ya ci gasarsu ta wannan shekara, John Rattray, likita ne. A garin St Andrews kuwa ramuka 22 a ke bi. A 1764 'yan ƙungiyar wurin suka ga na farkon sun cika kusa da juna, suka yi shawara suka haɗe su, lissafi ya komo 18. Sannu a hankali duniya duka ta bi su.

Sai kayan wasa. Ƙwallon dā da fata a ke ɗinka ta, a dafa gashin dinya cikin hula guda, a ɗura a ciki tun yana jiƙe. In ta bushe sai gashin ya kumbura, fatar ta tsuke, ta yi tauri. Gwanin maɗinki ba ya wuce uku ko huɗu a yini, saboda haka tsadarta takan kai ta sanda, ga shi in ruwa ya taɓa ta sai ta lalace. Wannan ya sa talaka ya fara janyewa daga wasan kakanninsa. A wajen 1848 aka soma yin ƙwallo da dankon wani itace na ƙasar Malaya, wanda in an sa shi a ruwan zafi sai ya yi laushi a mulmula, kamar dai yadda mu ke sarrafa dankon gamji. Tana da araha, ba ta tsoron ruwa. Allan Robertson, babban gwanin St Andrews, wanda ɗinkin ƙwallon gashi shi ne gadonsa, ya ƙi ta ƙwarai, har suka ɓata da yaronsa Tom Morris don ya gan shi yana wasa da ita. Amma ƙiyayyarsa ba ta hana kome ba, daga baya shi ma ya koma yin ta.

A nan ne masu wasa suka gano wani abin mamaki. Sabuwar ƙwallo mai sulɓi ba ta tafiya sosai, sai ta yi ta karkata ta faɗo kusa. Tsohuwa kuwa, wadda ta sha bugu jikinta duk tabo, ita ke miƙewa ta yi nisa. Wannan ya gaya wa wancan, har masu yin ta suka shiga sassara mata jiki da guduma tun kafin su sayar. Sai daga baya masana suka bayyana dalili, cewa ƙananan ramukan nan su ke sa iska ta bi jikin ƙwallo ta rage riƙe ta ta baya. Shi ya sa duk ƙwallon lambu ta yau za ku gan ta da ɗigo-ɗigo kamar zanzana. A 1898 kuma wani Ba'amurke mai wasan sha'awa, Coburn Haskell, ya fito da dabarar naɗa zaren roba a ciki, ƙwallo ta ƙara nisa.

Sandunan ma haka. Dā mariƙin na icce ne, sai a 1929 hukumar St Andrews ta yarda da na ƙarfe. Kan babbar sandar da a ke bugun nesa da ita kuwa, shekaru da yawa da wani icce na Amurka a ke sassaƙa shi. Masana itatuwa sun tabbatar iccen nan dangin kanya ne, wadda ku ke tsintar 'ya'yanta a daji, taurinsu ɗaya. Da sanduna suka yawaita, sai waɗansu suka ɗauka kowace matsala sabuwar sanda ce maganinta, har mutum ya zo fili da fiye da 20, yaron da ke ɗaukar masa jaka yana nishi. Hukumar Amurka a 1938, da ta St Andrews a 1939, suka yanke cewa kada kowa ya wuce 14. Ai kuwa tun a 1916 wani saurayi, Chick Evans, wanda da ɗaukar jakar masu wasa ya fara, ya ci babbar gasar Amurka da sanda bakwai tak. Saboda haka tsofaffin 'yan wasa kan ce wa sabon shiga ya sami 'yan sanduna kaɗan daidai tsawonsa, ko da kwance ne, ya san halin kowace, kafin ya kai kuɗinsa kanti.

Na uku shi ne bugu, a nan ne kuwa shawara ta fi yawa. Akwai wani riƙo da yawancin gwanaye ke yi, watau a ɗora ƙaramin yatsan hannun dama a kan manunin hagu, don hannu biyu su yi aiki kamar ɗaya. Ana kiran riƙon da sunan Harry Vardon, wanda ya ci babbar gasar Birtaniya sau shida tsakanin 1896 da 1914. Amma kafinsa wani mai wasan sha'awa na Sikotland, John Laidlay, ya riga ya ci gasa da shi. Sauran shawarwarin da a ke ba mai koyo ba baƙi ba ne gare mu. Akan ce ya kafa ƙafafunsa daidai faɗin kafaɗa, kada ya damƙe sanda kamar mai kokawa, kada ya ɗaga kai don ganin inda ƙwallo za ta kafin ya buge ta, kuma ya bar nauyin kan sanda ya yi aiki. Ku dubi gwanin faskare. Ba ya kashe kansa da ƙarfi, sai ya ɗaga gatari a hankali, ya juya jiki, idonsa a kan tsaga, gatarin ya sauko da kansa. Yaro kuwa ya yi ta sara da fushi, ya gaji, iccen na nan.

Wani abin da ya sa masu wasan ba su rowar sani shi ne rangwame. Akan auna gwanintar kowa, a ba mai rauni ragin bugu gwargwadon rauninsa, har dattijo ya iya karawa da saurayi, sabon shiga da tsohon hannu. Tun da abokin karawarka na yau shi ne abokin tafiyarka na gobe, gyaransa daɗinka ne.

Wasan ya iso ƙasarmu tare da Turawan mulki, da na ciniki, da masu haƙar kuza. Suka yi filaye a Kano, da Zariya, da Kaduna, da Rayfield kusa da Jos. A Ikko ma haka, inda ƙungiyar Ikoyi ta kafu a 1938. Sai suka tarad da matsala, don lallausar ciyawar da a ke shukawa kewaye da rami tana son ruwa kullum, mu kuwa raninmu ya fi rabin shekara. Dabarar da suka yi ita ce su tankaɗe rairayi, su cuɗa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe, su shimfiɗa kewaye da ramin, a riƙa share sawu kafin kowane bugu. Kun ga wasan da aka haifa a rairayi ya komo rairayi ke nan. Kada kuwa ku raina irin wannan fili. An fara babbar gasar Nijeriya a 1969, Sandy Lyle ya ci ta a 1978 kafin ya yi suna a duniya, kuma a 1981 Peter Tupling ya gama zagaye huɗu a Ikoyi da bugu 255, ƙarancin da ba a taɓa gani ba a irin wannan gasa kafin ran nan.

A zamanin mulkin Turawa 'yan ƙasa ba su da wuri a filayen nan sai na ɗaukar jaka. Amma mai ɗaukar jaka yana da ido. Yaran suka riƙa kallo, suna jin shawarar da a ke ba juna, in sun keɓe su gwada da ƙiraren da suka lanƙwasa. Daga cikinsu aka sami da yawa daga gwanayen Nijeriya na farko. A jiharmu ma marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, mai son wasan ne, har ya gina masa fili a Dutse.

To, ga abin da mu ke so ku riƙe. Duk da yawan shawarar nan, dokar wasan ta ce da zarar an fara gasa ba ka da ikon tambayar kowa wace sanda za ka ɗauka ko yaya za ka buga, sai mai ɗaukar jakarka ko wanda ku ke gefe ɗaya. In ka tambaya, ko ka ba wani, an ƙara maka bugu biyu, ko ka rasa wannan rami. Tambaya tana da lokacinta, watau kafin a shiga fili da bayan an fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban da wannan, filin yana da faɗi, alƙali ba ya iya bin kowa, saboda haka mutum shi ne mai shaida a kan kansa. A gasar Amurka ta 1925, Bobby Jones, wanda bai taɓa karɓar lada don gasa ba, yana shirin bugu cikin ciyawa sai ƙwallonsa ta ɗan motsa. Alƙalai ba su gani ba. Ya je ya faɗa, ya dage sai an ƙara masa bugu ɗaya. Da aka gama gasa sai ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, aka cinye shi da bugu ɗaya. Da mutane suka shiga yabonsa bai ji daɗi ba, ya nuna musu ba a yabon mutum don bai yi sata ba. Shekara biyar bayan haka, a 1930, ya cinye manyan gasa huɗu na Amurka da Birtaniya a shekara guda, abin da ba wanda ya sake yi.

Mai yiwuwa ne yawancinku ba za ku taɓa riƙe sandar ƙwallon lambu ba, amma kowa a cikinku yana da filinsa. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka ku tambayi malamai, ku tambayi juna, wanda ya gane lissafi ya nuna wa wanda bai gane ba, kada kuma ku ɗora wa alƙalami laifin hannu. Amma ran da aka raba takardun jarrabawa, lokacin shawara ya wuce. Ran nan kowa da ƙwallonsa, ko malam yana kallo ko ya juya baya. Allah ya sa mu dace.